Tambayi Likitan Dabbobi: Kare Mai Susa da Kwalbar Man Kifi

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan abu guda, wato ƙaiƙayin fatar karnuka da ƙwayoyin ƙarin sinadarai da ake sayarwa da sunan maganinsa. Na zaɓi 4 daga ciki, na rage tsawon wasu, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba a wannan fili.

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Likita. Ni tsohon ma'aikaci ne, ina zaune a bayan Ƙofar Ƙaura a Katsina. Ina da karen gadi irin na Turawa da ake kira Alseshan, shekararsa 2, nauyinsa kilo 30. Tun farkon damina yake susa dare da rana, har gashin gindin wutsiyarsa da na bayan cinyoyinsa ya zube, fatar wurin ta yi baƙi ta yi kauri. Ɗana ya aiko mini da kwalbar kafson man kifi daga Abuja, ya ce Omega-3 ne, kuma da shi Turawa suke maganin borin jinin karnuka. Yau mako 3 ina ba shi kafso ɗaya kullum, ban ga wani sauyi ba. Shin jabu aka sayar wa yaron, ko kuwa ni ne ban iya bayarwa ba?

AMSA

Wa alaikumus salam, Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ba zan yi saurin ɗora wa kwalbar laifi ba, domin ko da man na gaskiya ne, kuma ko da kana bayar da shi yadda ya kamata, abin da ka kwatanta mini ba irin ciwon da man kifi yake warkarwa ba ne. Wurin da kare yake susa yana gaya wa likita abubuwa da yawa tun kafin a kai ga madubin gwaji. Idan gashi ya zube a gindin wutsiya da ƙugu da bayan cinyoyi, kuma abin ya taso da faɗuwar damina, to wanda ake fara tuhuma shi ne ƙuma. Akwai karnukan da jininsu ba ya shiri da yawun ƙuma, ta yadda cizo ɗaya ko biyu ya isa ya hana su barci na kwanaki, kuma sau da yawa mai kare zai rantse bai taɓa ganin ƙuma a jikin dabbarsa ba, alhali karen ne yake haɗiye su yayin da yake gurgurar fatarsa da haƙori.

Ga gwajin da za ka yi da kanka gobe da safe. Ka shimfiɗa farin ƙyalle, ka tsayar da karen a kai, ka taje bayansa da mataji mai matsattsun haƙora. Wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo za su zubo kamar dakakken masoro, sai ka ɗiga musu ruwa. Idan suka narke suka bar jan tabo a ƙyallen, to kashin ƙuma ne, jan kuwa jinin karenka ne da suka sha.

Macen ƙuma tana iya saka ƙwai 40 zuwa 50 a rana, ƙwayayen kuma ba sa manne wa gashi, zubewa suke yi a inda karen yake kwanciya, su ƙyanƙyashe a cikin ƙasa mai danshi da tsagar siminti. Saboda haka waɗanda suke jikin karen 'yan kaɗan ne a kan waɗanda suke jiran layi a ɗakinsa. Ka nemi likitan dabbobi ya ba shi ɗaya daga cikin magungunan da ake taunawa, irin su NexGard da ake bayarwa duk wata, ko Bravecto da yake aiki mako 12. Waɗannan suna kashe ƙuma da kaska da ƙwayar kazuwa a tare. A riƙa share makwancinsa kullum, buhun da yake kwanciya a kai a wanke shi da ruwan zafi a shanya a rana ko a ƙone shi, kuma idan akwai kyanwa a gidan ita ma a nema mata maganin da ya dace da ita, domin ƙumarsu ɗaya ce. A dage da wannan na wata 3 a jere. Fatar da ta yi baƙi ta yi kauri kuwa alama ce ta cewa susar ta daɗe, kuma galibi ƙwayoyin bakteriya ko fangas sun hau kai, don haka tana bukatar wanka da sabulun magani mai kuloheksidin sau 2 a mako, a bar kumfar a jikinsa minti 10 kafin a ɗauraye. Garin sabulun wanki yana kwashe maiƙon fata, yana ƙara ɓata lamarin.

To ina amfanin kwalbar ɗanka ke nan? Tana da amfani, amma a matsayin mai tallafi. Fatar dabba kamar bango take, ƙwayoyin halittarta su ne tubala, maiƙo kuma shi ne laka mai riƙe su, kuma Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Karen da yake da borin jini lakarsa ba ta da ƙarfi, ruwa yana fita ta tsagar, ƙura da ƙwayoyin cuta suna shiga. Man kifi yana ɗauke da maiƙo iri 2 na jinsin Omega-3 da ake rubutawa EPA da DHA, waɗanda suke shiga cikin ƙwayoyin halittar jiki su rage zafin kumburin da jiki yake tayarwa. Rage ƙaiƙayin da suke yi matsakaici ne, ba ya kai na magani. Wani bincike da aka buga a 2004 daga ƙasar Norway, a kan karnuka masu borin jini da ake ba su firedinisolon, wato maganin rage kumburi da ƙaiƙayi, ya nuna cewa waɗanda aka haɗa musu da irin wannan maiƙo ba su bukaci maganin da yawa kamar sauran ba, amma bambancin bai fito fili ba sai bayan wata 2. Ka ga mako 3 bai isa a yanke hukunci ba, mako 8 zuwa 12 ake jira.

Sannan kuma akwai batun awo, wanda a nan ne kusan kowa yake tuntuɓe. Ka juya kwalbar ka karanta bayanta. Lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a gaba, wato miligiram 1000, nauyin man ne gaba ɗaya. Kafso na yau da kullum yana ɗauke da EPA miligiram 180 da DHA miligiram 120 kawai, jimla 300. Awon da likitocin fata suka saba farawa da shi kusan irin wannan kafso ɗaya ne ga kowane kilo 5 na nauyin kare a rana, wato karenka mai kilo 30 yana bukatar kamar guda 6, kai kuwa ɗaya kake ba shi. Kada ka tashi daga 1 ka faɗa 6 a rana guda, domin zai yi zawo. Ka kai shi 2, bayan kwana 4 ka kai 4, haka har ka isa, kuma a cikin abinci ake bayarwa. Idan karen yana da ƙiba, ko ya taɓa ciwon ciki mai tsanani bayan cin maiƙo, ko ana shirin yi masa tiyata, sai ka fara shawara da likita, saboda man kifi mai yawa yana ɗan jinkirta daskarewar jini.

Da wannan lissafi kwalba mai kafso 100 ba za ta wuce kwana 17 ba, kuma na san aljihun ɗan fansho. Kifin teku mai maiƙo da ake sayarwa a daskare, wato taitus da shawa, yana yin wannan aiki, domin giram 100 na taitus yana ba da giram 1 zuwa 2 na EPA da DHA. A dafa shi da ruwa zalla ba gishiri, a cire ƙaya, a rage masa wani abincin don kada ya yi teɓa. Tarwaɗa da karfasa na madatsun ruwanmu, irin su Zobe da Jibiya, nama ne mai kyau ga kare, amma wannan maiƙon kaɗan ne a jikinsu. Idan kuwa kafson za ka ci gaba da saye, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka kuma tuna cewa zafin Katsina na watan Afrilu da Mayu yana lalata man kifi. Na sha ganin kwalba a kan tagar mai gadi, kafson sun narke sun manne da juna kamar alewa. Ka huda ɗaya ka shinshina: ƙarnin kifi ba laifi, amma idan warin ya zama mai hawa kai kamar tsohon fenti, a zubar. Firji ne wurin ajiyarsa, in babu wuta sai gefen randa.

Idan bayan wata 3 babu ƙuma amma karen yana lasar dagi, yana goga fuska a ƙasa, kunnuwa da hammata da matsematsi sun yi ja, to wannan shi ne borin jinin gado da ƙurar gida da garin furanni suke tayarwa, wanda yakan fara tsakanin wata 6 da shekara 3 na haihuwa, kuma jinsin karenka yana cikin masu fama da shi. Ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi, kuma a nan ne man kifi yake biyan kuɗinsa, tare da magungunan da likita zai rubuta.

TAMBAYA

Ranka ya daɗe, ni maharbi ne daga wani ƙauye kusa da Daura, ɗana ne ya rubuta mini wannan. Ina da karnukan farauta 5, manya 2 da 'yan wata 7 guda 3. Ƙananan sun fara yin ɓamɓaroki mai toka-toka a zagayen ido da baki, tafin daginsu ya tsattsage har ba sa son taka ƙasa mai zafi, amma da farko ba sa susa. Daga baya manyan suka kama susa mai tsanani, bakin kunnensu da gwiwarsu suka saluɓe, yanzu kuma ni da yarana muna ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu. Abincinsu dusa ce da ƙanzo da ragowar tuwo da miya, ina kuma fasa wa ƙananan ɗanyen ƙwai in barbaɗa musu garin ƙashi don su yi ƙarfi. Abokina ya ce in shafa musu baƙin mai in riƙa ba su tafarnuwa. Wane bitamin zan saya?

AMSA

Malam, Allah ya ba da sa'ar dawa. Ciwo 2 ne suka haɗu a gidanka, ɗaya daga waje ya shigo, ɗayan kuma daga cikin akushi ya fito, kuma kowanne da hanyarsa.

Na manyan ya yi kama da kazuwa. Wata ƙwaya ce da ido ba ya gani, macenta tana haƙa rami a cikin fata ta yi ƙwai, kuma ta fi son bakin kunne da gwiwa da ciki. Ka kama bakin kunnen karen tsakanin yatsu biyu ka murza a hankali. Idan ƙafarsa ta baya ta ɗauki shure-shure kamar yana susa a iska, to zargin ya ƙara ƙarfi. Ƙurajen hannunku ma shaida ne, domin kazuwar kare tana hawa mutum, ko da yake ba ta daɗewa a jikinsa idan an yi wa karnukan magani. Idan naku suka ƙi lafawa sai ku je asibiti. Babu bitamin ɗin da yake kashe wannan ƙwaya, wanda ya saya domin ta ya bar jaki yana dukan taiki. A kai su asibitin dabbobi, a kankaro fatar a duba, a yi wa duka 5 magani a lokaci guda, har da waɗanda ba su fara susa ba. Likita yakan yi allurar ibamektin ya maimaita bayan mako 2, ko ya ba da irin magungunan taunawa da na ambata wa mai tambayar farko. Kada ka sayi kwalbar allurar shanu a kasuwa ka ƙiyasta awon da ido, domin abin da ya wuce kima yana sa kare makanta da rawar jiki, wani ma ya mutu.

Baƙin mai kuwa, don Allah ka bar shi a gareji. An taɓa kawo mini wata karya da aka shafe da shi tun daga wuya har wutsiya, ta lashe abin da harshenta ya kai, ta zo tana amai tana tangaɗi, fatar da ake son a gyara kuma ta ƙone ta yi jajir a ƙarƙashin man. Kwana muka yi muna wanke ta da ruwan ɗumi kafin ta ɗaga kai. Haka kananzir yake, haka fiya-fiya, wadda ita ma tana shiga jini ta fata. Tafarnuwa da albasa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, dafaffu ne ko ɗanyu, ba sa kuma korar ƙuma. Wannan ma dalili ne na rage zuba musu ragowar miya, wadda ba ta rasa albasa da gishiri da barkono. Dabbar da mutum ya ɗaure domin farauta ko gadi tana da haƙƙi a kansa, kuma rashin cutar da ita da sunan magani yana cikin haƙƙin.

Na ƙananan ne ya fi jan hankalina, domin a nan ne ƙarin sinadari yake zama magani na gaske. Ɓamɓaroki a zagayen ido da baki da tsagewar tafin dagi, ba tare da susa mai yawa ba, a jikin kwikwiyon da yake girma da sauri a kan hatsi, alama ce ta ƙarancin sinadarin zinki. Gero da dawa da masara da waken suya suna ɗauke da wani abu da ake kira fayitet, wanda ya fi taruwa a dusa, yana kama zinki a cikin hanji ya hana jiki sha. Sinadarin kalsiyam mai yawa ma haka yake yi, garin ƙashin da kake barbaɗawa kuwa cike yake da kalsiyam. Ka ga da kyakkyawar niyya ka rufe wa zinkin ƙofa biyu. Ɗanyen ƙwai ya zama ta uku ta wani ɓangaren, domin farinsa yana da wani furotin da yake riƙe bayotin, bitamin ɗin da gashi da fata suke bukata. Dafawa tana kashe wannan riƙo, saboda haka ka ci gaba da ba su ƙwai, amma dafaffe.

Gyaran yana farawa daga mahauta. Gashi kusan furotin ne zalla, kuma fata da gashi suna iya cinye rubu'in furotin ɗin da kare yake bukata a rana ko fiye, don haka kare mai rayuwa a kan ƙanzo gashinsa ne yake fara nunawa. Ka samu kayan ciki masu sauƙin kuɗi, tumbi da huhu da zuciya da naman kai, ka dafa, su zama aƙalla kashi ɗaya cikin uku na abin da ke akushin. Jan nama yana da zinki mai sauƙin sha. Hanta ma tana da shi, amma ɗan yanki sau 2 a mako ya isa, saboda yawan bitamin A da ke cikinta. Ka daina dusa da garin ƙashi. Hatsin da aka surfa aka jiƙa ya kwana ya yi tsami, irin yadda mata suke yin gasarar koko, fayitet ɗinsa yana raguwa, don haka ya fi dusa nesa ba kusa ba. Ka zuba ƙaramin cokali ɗaya na man riɗi ko man waken suya a abincin kowane kare a rana, domin suna da wani maiƙo na jinsin Omega-6 da fata take gina lakarta da shi. Man gyaɗa yana da shi amma bai kai su ba, manja kuwa kaɗan ne a cikinsa.

Idan likita ya duba ya yarda ƙarancin zinki ne, awon da aka saba bayarwa miligiram 2 zuwa 3 ne ga kowane kilo a rana. Ƙwayar zinki da ake ba yara masu gudawa tare da ruwan gishiri da sukari tana da miligiram 20, kuma ana samunta a kusan kowane kemis, amma sai an auna kwikwiyon a sikeli kafin a san ko ɗaya zai sha ko ɗaya da rabi. A cikin abinci ake murƙushe ta, domin tana sa amai idan ciki babu komai, kuma ba a zarcewa da ita wata da watanni, saboda yawan zinki yana hana jiki shan sinadarin tagulla. Idan an gyara abincin, ɓamɓarokin yakan fara faɗuwa cikin mako 2 zuwa 6. Ka haɗa da maganin tsutsar ciki duk wata 3, domin karen da yake cin naman dawa ba ya rabuwa da ita, kuma tana shanye abin da ka ciyar.

TAMBAYA

Likita, barka da aiki. Ina da gonar kaji a kan hanyar Daura, kuma akwai babban kare mai gadinta, shekararsa 4. Shi susarsa ba ta san damina ko rani ba, kunnuwansa kullum suna wari, yana kuma yin kashi mai laushi sau 4 a rana. Likitanmu ya yi masa maganin ƙuma da kazuwa har wata 4, bai daina ba. Yana cin kawunan kaji da ƙafafu, wani lokaci ma'aikata su jefa masa kazar da ta mutu. Na saya masa ƙwayoyin bitamin masu ɗanɗanon nama, na kuma ji an ce kindirmo yana gyara ciki. Wanne zan ƙara masa?

AMSA

Hajiya, barka kadai. A wannan karon ragewa za a yi, ba ƙari ba. Ƙaiƙayin da ba ya bin yanayi, da ciwon kunne mai dawowa, da yawan bayan gida, bayan an riga an kawar da ƙwari, suna nuni ga borin jinin abinci. Abin da yake ba mutane mamaki shi ne ba sabon abinci ne yake jawo shi ba, abincin da karen ya shekara yana ci ne jikinsa yake juya wa baya. Wani nazari da aka buga a 2016, wanda ya tattara rahotannin karnukan da aka tabbatar suna da wannan ciwo, ya samu naman shanu a gaba da kashi 34 cikin 100, madara da dangoginta 17, kaza 15, alkama 13. Kindirmo ke nan yana cikin waɗanda ake tuhuma, ƙwayoyin bitamin ɗinki masu ɗanɗano kuma da naman kaza ko na shanu ake yi musu ɗanɗanon. Yana yiwuwa kina ba shi ciwon da hannun dama kina ba shi magani da hagu.

Gwajin jini ko na yawu ko na gashi da ake tallatawa ba abin dogaro ba ne a wannan ciwo. Hanyar da aka yarda da ita ita ce a ɗora kare a kan nama iri ɗaya da bai taɓa ci ba, da abinci mai sitaci iri ɗaya, na tsawon mako 8, domin a cikin wannan lokaci ne fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon suke samun sauƙi. Turawa suna biyan kuɗi mai yawa su nemo naman da karnukansu ba su sani ba, mu kuwa ga raƙumi a kusa, tun da kasuwar Mai'aduwa ba ta da nisa da ke, kuma mahauta suna yanka shi. Zomo ma ya yi, kifi ma ya yi idan bai saba cinsa ba. Akuya da tunkiya ba su ne zaɓina na farko ba, domin jikin da ya ƙi naman shanu yakan ƙi nasu. Ki haɗa da dafaffen dankalin Hausa, kamar kashi ɗaya nama kashi biyu dankali, ba gishiri ba magi.

Wahalar ba a girkin take ba, a ma'aikata take. Ƙafar kaza ɗaya da mai gadi ya jefa masa cikin tausayi ta isa ta rushe aikin mako 3. Ki tara su ki yi musu bayani, ki naɗa mutum ɗaya mai ba shi abinci, a ɗaure shi nesa da inda ake yanka da inda ake zubar da shara. A wannan lokaci a dakatar da bitamin ɗin da duk wani kafso, saboda ɓawon kafso da kansa galibi daga fata da ƙashin dabbobi ake yin sa. Mushen kaza kuwa a daina ba shi har abada, ko da gwajin ya wanke kaza daga laifi, a binne shi ko a ƙone, domin lafiyar karen da ta gonar.

Idan ya samu sauƙi, ki mayar masa da kaza ki zuba ido. Dawowar susa cikin kwana 14, galibi ma cikin 'yan kwanakin farko, ita ce tabbacin. Daga nan sai a koma abincin gwaji, in ya lafa a riƙa gwada sauran abinci ɗaya bayan ɗaya. A wannan matakin ne ƙarin sinadari yake shigowa, domin nama da dankali kaɗai ba su da isasshen kalsiyam da wasu bitamin. Babban kare zai jure wata 2 a haka, amma ba zai shekara ba, kwikwiyo kuwa ba a yi masa wannan gwaji sai da tsarin likita. Ki nemi bitamin marar ɗanɗanon nama, likita ya auna masa kalsiyam, sannan a haɗa da man kifi. Kunnen kuma a duba shi daban a wanke a sa magani, domin canjin abinci ba ya kashe ƙwayoyin da suka riga suka zauna a ciki.

TAMBAYA

Likita, ni ɗalibi ne a Ƙofar Marusa. Karenmu na gida ba ya susa sosai, amma duk hunturu fatarsa tana yin fari tana zubar da amosani. Akwai man hantar kifi da ake ba ƙannena, akwai man habbatus sauda da garin zogale da man kaɗanya a gida. Wanne zan ba shi?

AMSA

Ɗana, naka mai sauƙi ne, bushewar iska ce. Man hantar kifi daban yake da man kifin da muka yi magana a kansa, domin yana ɗauke da bitamin A da D masu yawa, waɗanda jiki yake tarawa ba ya fitar da su a fitsari. Idan ka ba kare yawan da zai kai awon Omega-3 da fata take bukata, bitamin D ɗin zai iya taruwa ya taɓa ƙoda, don haka ka bar wa ƙannenka abinsu. Habbatus sauda da zogale suna da daraja a wurinmu, amma ba ni da awon da zan ba ka na kare wanda zan tsaya a bayansa, kuma ɗan garin zogale a abinci ba zai maye gurbin nama da maiƙo ba. Man kaɗanya na shafawa ne: ka murza kaɗan a tafin hannu ya narke, ka shafa a gwiwa da tafin dagi da bakin kunne da yamma, ka tsare shi na ɗan lokaci kada ya lashe.

Tun da fata tana ɗaukar wata 2 kafin ta nuna abin da aka ci, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka fara tun watan Oktoba, kafin iskar ta sauko: ƙaramin cokali ɗaya na man riɗi a abincinsa kullum, dafaffen ƙwai sau 3 a mako, taitus ko shawa sau 2. Ka rage wanka zuwa sau ɗaya a mako 3 da ruwa mai ɗumi da hantsi, ka riƙa taje shi kullum, ka kuma matsar da makwancinsa daga bakin zaure inda iskar gabas take bugawa. Idan ka ga gashin yana zubewa a zagaye kamar an ɗora kwabo an aske, wannan makero ne, yana kama yara, sai ka hana ƙannenka taɓa shi ka kai shi asibitin dabbobi a ranar.